ZAƁEN MOTAR SHIGA GONA MAI JA DA ƘAFA HUƊU: GIYAR HANNU KO OTOMATIK?

Gabatarwa

Tun bayan buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Legas zuwa Ibadan a 1901, zangon Hausawa na Agege ya bunƙasa a kan fataucin goro. Har yau mazauna wannan unguwa suna shiga ƙauyukan jihar Ogun ta Sango-Ota da Ifo da Ilaro domin sayen goro da rogo da masara. Wasu suna da lambuna a gefen Ojo da hanyar Badagry, wasu suna kai dabbobi mayankar Oko-Oba, wasu kuma gonarsu tana gida Arewa, suna zuwa dubawa da damina. Abin da ya haɗa su duka shi ne, kwalta takan ƙare kafin a isa inda amfanin yake.

Saboda haka malaman gona suke yawan samun tambaya daga manoma da ƙungiyoyinsu a kan motar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu: wadda ake sa wa giya da hannu za a saya, ko otomatik mai canza giya da kanta? Tambayar ta ƙara nauyi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuma darajar naira ta faɗi, domin kuɗin mota ɗaya a yanzu yakan cinye abin da ƙungiya ta tara a shekaru. Idan ka yi kuskuren zaɓi, ba lallai ne ka sami zarafin gyara shi ba. Kuma idan mota ta kafe da lodin tumatir ko latas ta kwana a daji, asarar takan wuce kuɗin gyaranta.

Abin da ya gabaci zancen giya

Kafin ka tambayi irin giyar mota, fara duba ko tana da giyar ƙarfi, wadda direbobi ke kira ogzilari. Wani ƙaramin akwatin giya ne na biyu da ke bayan babban, wanda yake raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya. Za ka ga alamominsa a jikin ƙaramar sanda ko maɓalli: 2H domin kwalta, 4H domin hanyar burji mai santsi, 4L kuma domin taɓo mai zurfi da hawa da jan kaya masu nauyi. A 4L gudun mota yana raguwa ƙwarai, ƙarfin da ke isa taya kuma yana ninkuwa kimanin sau biyu da rabi a motoci irin Hilux da Land Cruiser.

Motoci da yawa da ake tallar su da sunan ƙafa huɗu ba su da 4L ko kaɗan. RAV4 da CR-V da Highlander suna cikinsu. Motoci ne masu kyau a gari, amma ba a ƙera su domin ɗaukar buhun taki a hanyar fadama ba. Otomatik mai 4L ta fi giyar hannu marar 4L amfani a gona nesa ba kusa ba, haka nan idan aka juya maganar. Abin lura a nan: a yawancin a-kori-kura ba a tafiya da 4H ko 4L a kan busasshiyar kwalta, domin tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke da juna, idan aka sha kwana ba su da wurin zamewa, sai ƙarfen ciki ya murɗe. Domin shiga 4L sai an tsaya cak, a taka kuloci a giyar hannu, ko a mayar da sanda kan N a otomatik.

Yadda kowace take aiki

A giyar hannu, faifan kuloci ne yake haɗa inji da akwatin giya. Idan ka saki kuloci gaba ɗaya, haɗin ya zama na ƙarfe da ƙarfe, babu zamewa. Wahalar tana tsakanin takawa da saki, lokacin da faifan yake gogar ƙarfen inji. A nan yake cin kansa, a nan ne kuma yake ƙonewa.

Otomatik ba ta da fedar kuloci. Abin da ke tsakaninta da inji wani rufaffen kasko ne cike da mai, wanda makanikai ke kira kwanbata. Idan ka juya ruwa a ƙwarya da ludayi, duk abin da ke cikin ruwan zai bi juyin, ko da ludayin bai taɓa shi ba. Haka inji yake juya man, man kuma ya juya ɓangaren giya. Wannan ya sa mota take iya tsayawa cikin giya inji bai mutu ba, kuma a lokacin tashi kaskon yana ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu. Sai dai duk ƙarfin da bai isa taya ba, zafi yake komawa a cikin man. Ka riƙe wannan, domin shi ne asalin yawancin matsalolin otomatik a aikin gona.

Fasahar ba sabuwa ba ce, tun 1940 kamfanin General Motors ya sa ta a motocin Oldsmobile a Amurka. Mu ne dai muka taso a kan giyar hannu: Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948 domin manoma, da a-kori-kurar Peugeot da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Tsofaffin malaman gona da suka yi aiki a shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtua da Gusau da Gombe daga tsakiyar shekarun 1970, da irin waɗannan motoci suka san daji. Shi ya sa har yau akwai masu ganin otomatik motar ƙawa ce. Wannan zance ya tsufa. Land Cruiser samfurin 70, wadda ake yi wa kallon jakin daji tun 1984, ita ma an fitar da ita da otomatik mai giya shida a 2023.

Taɓo da yashi

Ruwan sama a Legas da kudancin Ogun ya kusa ninka na Kano, kuma kashi biyu yake zuwa: daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Jar ƙasar wannan yanki tana da yumɓu, idan ta jiƙe samanta yakan yi santsi kamar an shafa sabulu. A bakin teku kuwa, wajen Badagry da Epe, yashi ne mai laushi. A Arewa za ka haɗu da laka mai danƙo a fadamun Haɗeja da Kadawa, da rairayi a jigayin Daura da Gumel.

A taɓo da yashi abokin gaban mota shi ne yankewar ƙarfi. Da zarar ka taka kuloci domin canza giya, tayoyi sun daina ja, ƙasa kuma tana riƙe su, kafin ka saki kuloci motar ta tsaya. Tashi daga nan shi ne yake sa taya ta haƙa rami. Otomatik tana canza giya ba tare da ta yanke ƙarfi sosai ba, kuma tana tashi a hankali, taya ba ta fizga. A wannan fage, gaskiya, ta fi giyar hannu sauƙi, musamman ga direban da bai goge ba. Gogaggen direban giyar hannu yana rufe wannan giɓi ta hanyar zaɓar giya tun kafin ya shiga wurin, yawanci ta biyu ko ta uku a 4L, ya ɗauke ƙafa daga kuloci, ya riƙe totur daidai har ya fita.

Inda otomatik take shan wuya shi ne doguwar tafiya a yashi ko laka da kaya masu nauyi. Man giyarta yana aiki lafiya a zafin da bai wuce digiri 80 zuwa 95 ba. Idan ya haura 120 yakan fara lalacewa da sauri, ya yi baƙi, ya ƙona faya-fayan ciki. A motoci da yawa lagireto ne yake sanyaya wannan mai, kuma lagireto shi ne farkon abin da taɓo da ciyawa suke toshewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin mota a 4H da D ana danna totur, alhali tana tafiyar hawainiya. A irin wannan hali kaskon zamewa kawai yake yi yana dafa man. Maganin shi ne shiga 4L da wuri, domin aikin ya koma kan haƙoran ƙarfe. Idan fitilar zafin man giya ta kama, ka tsaya, ka sa P, ka bar inji yana aiki a hankali har ta mutu. Kada ka kashe injin nan take, domin shi ne yake zagaya da man.

Idan mota ta kafe, direbobi sukan yi ta gaba da baya domin ta fita. Ana iya yin haka da kowace irin giya, amma a otomatik a bari tayoyi su tsaya kafin a matsa daga D zuwa R. Idan an gwada sau uku ko huɗu ba ta fita ba, a sauka a ɗauki shebur, a rage kaya, a sa itace ko ganyen kwakwa a ƙarƙashin taya. Rage iskar taya zuwa wajen geji 20 yana taimakawa ƙwarai a yashi, muddin za a tafi a hankali, a kuma mayar da iskar kafin a hau kwalta.

A nan ya dace a ja hankalin manomi ga wani abu da ya shafi gonar kanta. Samun mota mai ƙarfi ba dalili ba ne na shiga da ita tsakiyar gona bayan ruwan sama. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana dannuwa, kuma wucewar farko ce take yin mafi yawan ɓarnar. Inda taya ta bi, ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta ratsawa, za ka ga shukar wurin ta tsumbure har kaka. A ware hanya ɗaya a gefen gona, a riƙa fito da amfani zuwa wurin.

Gangara da ƙetare ruwa

A gangara mai santsi da kaya a baya, birki yana iya kulle tayoyi motar ta juya. Giyar hannu a lamba ɗaya cikin 4L tana riƙe mota da ƙarfin inji, kusan ba sai an taɓa birki ba. Otomatik ba ta riƙewa kamar haka, tilas ka sauko da sandarta zuwa L ko 1, kuma tsofaffi masu giya huɗu duk da haka sukan nemi gudu. A hawa kuwa lamarin ya juya: idan mota mai giyar hannu ta mutu a tsakiyar tudu da kaya, tayar da ita aiki ne na gwani, otomatik kuwa ba ta mutuwa.

Game da ruwa, dukkansu suna da rauni. Kada a canza giyar hannu a tsakiyar rafi, domin taka kuloci yana buɗe wa ruwa da laka hanya su shiga tsakanin faifan da ƙarfen inji. Otomatik a rufe take, amma tana da ƙaramar kafar numfashi a sama, idan ruwa ya bi ta nan ya haɗu da man, yakan ɓamɓare faya-fayan ciki, gyaran kuma babba ne. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Hilux ta 2015 zuwa sama zurfin santimita 70, tsofaffi da ƙananan motoci ba su kai haka ba. A fara shiga da ƙafa da sanda a gwada. Ruwan da yake gudu kuma ya wuce gwiwa, a jira shi ya janye. Bayan kowace ƙetarewa mai zurfi a duba man giya da na aksul. Idan ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, a canza shi kafin a ci gaba da aiki.

Ranar da mota ta lalace a daji

Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ya fi nauyi a wurinka, kuma shi ne masu sayar da mota ba sa ambata.

Idan batir ya yi sanyi ko kik ya ƙi, mota mai giyar hannu ana tura ta ta tashi, muddin batirin yana da ɗan sauran wuta da zai kunna famfon mai da na'urar inji. Otomatik ba ta tashi da turi. Sai an sami wani batir ko wayar haɗi, don haka duk mai ita kada ya fita babu wannan waya. Jan ta ma akwai ƙa'ida. Idan inji ba ya aiki, famfon da ke zagaya da man giya shi ma a tsaye yake, jan ta da igiya tafiya mai nisa yana cinye cikinta. Sai dai a kwance farfela, ko a ɗora ta bisa janwe. Ka tambayi kanka ko akwai janwen da zai shiga ƙauyen da kake zuwa a watan Yuni.

Faifan kuloci kuwa kusan kowane makaniki a Ifo ko Funtua zai sauke giya ya canza shi a yini ɗaya. Mai gyaran cikin otomatik da gaske ba a ko'ina yake ba, sababbin ma sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu. Abin da aka fi yi shi ne sayo wani akwatin giya na hannu-biyu a kasuwar Ladipo a ɗora, wanda ba ka san tarihinsa ba. Mazaunin Agege yana da wannan sauƙi, Ladipo ba ta yi masa nisa ba. Motar da za ta yi damina a ƙauyen Arewa ba ta da shi.

Sannan akwai batun mai. Man giyar otomatik iri-iri ne, akwai Dexron, akwai T-IV da WS na Toyota, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Zuba wanda bai dace ba, ko jabu, yana kashe akwatin a hankali. Sababbi da yawa ma ba su da sandar awon mai, wanda ya sa ake cewa man nasu na har abada ne. Motar da ke ɗaukar kaya a zafin ƙasarmu ba ta da mai na har abada, a bi jadawalin aiki mai tsanani da ke cikin littafin motar. A ɓangaren giyar hannu ma akwai tarko: wasu motocin dizal na Turai suna da ƙarfen bayan inji mai ɓari biyu, wanda canza shi yake da tsada ƙwarai. A tambaya kafin a saya.

Ta fuskar shan mai, tsofaffin otomatik masu giya huɗu sun fi giyar hannu sha. Masu giya shida na yanzu bambancin ya ragu, har nauyin ƙafar direba ya fi shi tasiri.

Wa zai tuƙa?

Motar Agege rabin rayuwarta a cunkoso take yi, daga Pen Cinema zuwa Abule-Egba da Sango, ko hanyar Mile 12 da asuba. A nan kuloci yake tsufa, ba a gona kaɗai ba. Direban da yake ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, ko yake riƙe mota da shi a tudu maimakon birkin hannu, zai cinye faifai a damina ɗaya. Matasa da yawa a yanzu a kan otomatik suka koyi tuƙi, kasancewar motocin da ake shigowa da su daga Amurka galibinsu ita ce. Idan motar ƙungiya ce da hannaye biyar za su riƙa karɓa, wannan abin dubawa ne.

Kowace irin giya ce, lodi fiye da kima yana kashe ta. A-kori-kura irin Hilux abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da mutanen ciki, mai ƙofa huɗu ma takan gaza haka. Wato buhun taki mai kilo 50 bai kamata ya kai 20 ba, buhun masara mai kilo 100 kuma ƙasa da 10. Bambancin shi ne, giyar hannu takan yi gargaɗi da warin kuloci, kuma abin da ya ƙone mai sauƙin kuɗi ne. Otomatik takan yi shiru tana jurewa har ranar da za ta ƙi motsi.

Shawarata ga ƙungiyar manoma da duk wanda motarsa za ta riƙa kwana nesa da gari, ko take zirga-zirga tsakanin Legas da Arewa da kaya, ita ce giyar hannu mai 4L, a damƙa ta ga direba ɗaya da ya iya, a kuma ɗora masa alhakinta. Wanda zai tuƙa da kansa, motarsa tana kwana a Agege, kayansa ba su cika nauyi ba, kamar mai lambu ko malamin gona mai zagaya ƙauyuka, ko mai ciwon gwiwa ko baya, otomatik mai 4L za ta yi masa aiki sosai. Sharaɗin shi ne ya san makanikinta tun kafin ya saya, ya kuma ƙara mata na'urar sanyaya man giya ta daban idan ba ta zo da ita ba.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Ka je da makanikinka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka nemi a tayar da motar a gabanka tana sanyi. A otomatik, taka birki ka sa D, sannan R. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da bugu ba. Idan akwai sandar awo, ɗiga man a farar takarda: mai lafiya ja ne ko ruwan ƙasa mai haske, wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna alamar ciwo ce, wanda ya yi kauri kamar madara kuwa ruwan lagireto ne ya haɗu da shi. Ka tuƙa ta aƙalla minti 20, domin wasu ba sa nuna halinsu sai sun ɗumama.

A giyar hannu, ja birkin hannu a fili inda babu kowa a gaba, sa giya ta huɗu, ka saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu nan take, faifan yana da sauran rai. Idan ya ci gaba da aiki, ya cinye. A kan hanya kuma ka lura ko wata giya tana fita da kanta idan an ɗaga ƙafa daga totur.

Kada ka yarda da fitilar 4H ko 4L da ta kama a gaban sitiyari kawai. Nemi filin ƙasa, ka shiga kowace, ka tabbatar tayoyin gaba suna ja. Leƙa ƙarƙashi ka ga ko farfelar gaba tana nan, domin akan cire ta idan ogzilari ya lalace, a sayar da motar a haka. Idan tayoyin gaba suna da makullin hannu a cibiyarsu, juya shi ka ga yana kamawa. Cikin motocin gwanjon Amurka akwai waɗanda ambaliya ta shanye, ɗaga shimfiɗar ƙasa ka nemi busasshiyar laka, ka duba tsatsa a ƙarfen kujeru. Irin wannan mota idan otomatik ce, ka bar ta komai arharta. Daga nan sai ka gwada lambar jikin motar da wadda ke takardar kwastan, harafi da harafi, domin motar da za ta bi hanyar Legas zuwa Kano za ta wuce shingaye da yawa.